Windows XP da Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Ƙasar Adar

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a birnin Tawa a farkon wannan ƙarni, ko a ofis ko a shagon buga takardu, zai tuna da hoton wani tudu mai koren ciyawa a ƙarƙashin shuɗin sama. Hoton nan wani Ba'amurke ne mai suna Charles O'Rear ya ɗauke shi a shekarar 1996 a yankin Sonoma na jihar Kalifoniya, kuma shi ne ya zama fuskar Windows XP, manhajar da kamfanin Microsoft ya fitar ranar 25 ga Oktoba, 2001. Mutumin Adar da ya saba da jan dutse da ƙurar hunturu yakan ga irin wannan kore ne kawai idan damina ta yi albarka.

Kafin XP, kamfanin yana tafiyar da zuriya biyu. Akwai ta gida, wato Windows 95 da 98 da Me, waɗanda aka ɗora bisa tsohon harsashin DOS, masu yawan sanƙarewa ana tsakiyar aiki. Akwai kuma ta ma'aikatu, wato NT da Windows 2000, mai ƙarko amma mai tsada. XP ce ta haɗe su a kan harsashin NT. Ba ta da cin kaya da yawa: ƙwaƙwalwa mai megabait 64 ta ishe ta tashi, ko da yake an fi son 128, sai fili na gigabait ɗaya da rabi a faifai. Wannan sauƙi ne ya sa tsofaffin injinan da ofisoshin Turai suka yar suka sami sabuwar rayuwa a kasuwannin Afirka ta Yamma. Rauninta shi ne tsaro. Bayan ɓarnar ƙwayoyin Blaster a 2003 da Sasser a 2004, sai aka fitar da babban gyara na biyu a Agustan 2004, wanda ya kunna katangar kariya tun daga farko. A garuruwan da intanet ke da wuya kuwa, cutar takan bi ɗan makullin USB ne daga wannan inji zuwa wancan.

XP ɗin da ta iso Nijar da Faransanci take magana. Maɓallin farawa Démarrer ne, kwandon shara Corbeille, allon bugu kuma na tsarin AZERTY, inda aka tanadar wa é da è da ç mazauninsu. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ.

A nan ne tarihin manhajar ya gamu da tarihin rubutun boko. Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutun harsunan wannan yanki. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973, sannan a 1999 ta tabbatar da ƙa'idar rubutunta, wadda ta zaɓi ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y. Ke nan malamin da ya fito daga makarantar horon malamai ta Kaocen a Tawa, aka tura shi ajin harshe biyu a wajen Keita ko Buza, ya san ƙa'ida sarai, yana kuma rubuta ta da alli ba tare da wata wahala ba. Injin ne ya gaza masa.

Abin takaici, gazawar ba ta cikin harsashin manhajar. XP ta san tsarin Unicode, kuma baƙaƙen nan huɗu, manya da ƙanana, suna da lambobinsu a cikinsa tun farkon shekarun 1990. Matsalar tana ga zanen haruffa. Times New Roman da Arial da suka zo tare da ita, waɗanda kowace takardar hukuma ke sanye da su, ba su ɗauke da ƙugiya ba. Lucida Sans Unicode tana da su, amma sai mai bugu ya buɗe taswirar haruffa ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a cikin gero. Wane sakatare ne zai yi haka a shafi ashirin, ga layin mutane suna jira, ga fargabar ɗaukewar wuta?

Hanyoyi biyu aka bi. Mafi yawa sun zubar da ƙugiyar baki ɗaya, sai ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, baƙi suka koma baki, aka bar wa mai karatu aikin lalubo ma'ana. Masu kishin ƙa'ida, musamman masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, sun ƙera haruffa na musamman, suka ɗora ƙ ko ɗ a gurbin wata alamar da Hausa ba ta bukata. Dabarar ta yi aiki a takarda, kuma ba a raina ta ba, domin da ita aka buga littattafai masu yawa. Sai dai rubutun ya zama fursunan injin da aka buga shi.

Gyara ya zo a makare. Doulos SIL, haruffa na kyauta masu bin Unicode, sun fito a 2004. Windows Vista ta faɗaɗa Times New Roman da Arial har suka ƙunshi baƙaƙen, kuma a zamanin Windows 7, wadda ta fito a 2009, ana iya juya fuskar manhajar zuwa Hausa, bisa ƙa'idar Najeriya. Amma tsofaffin injina ba su da ƙarfin ɗaukar sababbin manhajojin, don haka XP ta daɗe a teburori da yawa har bayan 8 ga Afrilu, 2014, ranar da Microsoft ya daina kula da ita.

A 2025 sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya sa kowane shafi da aka taɓa bugawa da ita ya ƙara daraja. Wani kaso na wannan dukiya, darussa da tatsuniyoyi da jerin kalmomin Adaranci da malamai da ƙungiyoyi suka tattara, yana kwance a faifan injinan zamanin XP. Wanda ya buɗe irin wannan fayil a sabuwar kwamfuta ba tare da ainihin haruffansa ba, zai tarar da baƙin alamomi a gurbin kowace ƙugiya. Mayar da su abu ne mai yiwuwa, amma sai an fara sanin wace alama ce ke wakiltar wane baƙi, sannan faifan da ya shekara ashirin cikin ƙura ya yarda ya juya.