Tarihin Wasannin Makaranta: Daga Dandali zuwa Filin Ƙwallo

Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin ilmin zamani a ƙasar Kano, sai a yi ta lissafa azuzuwa da malamai da jarrabawa, a manta da filin da ke bayan makaranta. A ganina wannan fili yana da nasa tarihin, kuma ya shafi 'ya'yan birni fiye da kowa.

Da farko dai, ba Turawa ne suka koya wa yaron Bahaushe motsa jiki ba. Tun kaka da kakanni, da zarar an yi sallar isha'i a daren farin wata, yara kan cika dandali. Maza su yi langa da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa. A garuruwa irin su Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, kaka ita ce lokacin kokawa da dambe, watau bayan an kai amfanin gona gida, ciki ya ɗauka. Wanda ya taɓa yin langa ya san aikin da ke cikinta: ka riƙe ƙafa ɗaya da hannu, ka yi ta tsalle da ɗaya, kana ture abokin gaba kana kare ruwa har ya sha. Babu malami, babu usur, amma akwai doka, kuma kowa ya san ta.

Abin da Turawa suka kawo shi ne sa wasa cikin tsarin karatu, a ba shi lokaci da fili da alƙali. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, amma inda wasa ya kafu sosai shi ne Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Malamanta sun fito ne daga makarantun kwana na Ingila, inda aka yi imani cewa a filin wasa ake gina halin shugaba. Don haka suka zo da kurket da ƙwallon ƙafa, da wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango wanda suke kira Fives. Wannan na ƙarshe ya karɓu ƙwarai a Arewa. Sardauna Ahmadu Bello gwaninsa ne tun yana ɗalibi a Katsina, kuma bai bar shi ba har ya zama Firimiya. Ɗaliban kwalejin nan su ne suka koma suka koyar a makarantun Midil, har da ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa, suka tafi da wasannin can.

To, amma a lura, wannan gata na 'yan ƙalilan ne. Yaron elementare abin da ya samu shi ne diril: a jera su sahu-sahu da safe, a ɗaga hannu, a sauke, a juya dama, a juya hagu, bisa manhajar da aka tsara wa makarantun Ingila a 1933. Sai kuma ranar 24 ga Mayu, Ranar Daular Ingila, a yi fareti da tsere da jan igiya a gaban manya. 'Yan mata kuwa, waɗanda ke makarantar ma nawa ne?

Bayan yaƙin basasa sai gwamnati ta ga wasa hanya ce ta ɗinke ɓaraka. Aka kafa hukumar wasanni ta ƙasa a 1971, aka fara bikin wasanni na ƙasa a Ikko a 1973, Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 1977. A wannan shekara ce kuma manufar ilmi ta ƙasa ta fito, da darasin motsa jiki a cikinta.

Sai dai akwai abin da ya faru a tsakani. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya tuttuɗo yara makaranta fiye da yadda aka yi tsammani. A ƙauye abin da sauƙi, don ƙasa tana nan. A cikin ganuwa kuwa ina za a sa sababbin azuzuwa? Sai a ci gefen fili. Shekara ta zagayo, a ƙara ci. Daga baya shaguna suka bi jikin katangu, makarantu masu zaman kansu kuma suka yawaita a gidajen haya waɗanda tsakar gidansu ba ta isa shanya ba, balle tsere.

A nan ne makarantun kwana na karkara suka yi wa birni rana. Yaron da ya tashi a lungun Yakasai ko Fagge, wanda ƙwallonsa ta tsumma ce, ragarsa takalma biyu, sai a tura shi sakandare a Gwarzo, 'yar'uwarsa kuma Kabo. Ni ma ta wannan hanya na bi, kuma a can na fara ganin fili mai cikakken awo, an ja masa layi da toka. Ranar gasar gidaje gari kan tashi: hakimi ya zo, makaɗa su zo, masu rake da gyaɗa su yi ciniki. Mu 'yan birni mun fi iya yanka da ƙwallo, amma in aka zo dogon tsere sai 'ya'yan manoma su bar mu muna haki. Su suka koya mana kokawa ta gaske, mu kuma muka koya musu sunayen 'yan wasan Kano Pillars.

Wani abin mamaki shi ne, langa da kokawa da dambe sun sami shiga bikin wasanni na ƙasa, ana ba da lambar zinariya a kansu, alhali a yawancin makarantunmu ba a ɗauke su darasi ba. Darasin ma kansa ya koma na allo: malami ya zana filin ƙwallo, ya rubuta tsawo da faɗi, yara su kwafa su haddace don jarrabawa. Na duba littafin ƙanena da ke firamare a birni, na ga ya zana filin tsaf, har da da'irar tsakiya. Na tambaye shi inda suke bugawa, ya ce a bakin titi, in motoci sun ragu.