Tarihin Madobiya da Barazanar Ƙarewarta

Madobiya itaciya ce ta dangin wake da ke fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, tun daga Senegal har zuwa Chadi da Afirka ta Tsakiya. Masana tsirrai na kiranta Pterocarpus erinaceus, sunan da Bafaranshe Poiret ya ba ta a 1804. Tsawonta kan kai mita 12 zuwa 15, ɓawonta baƙi-baƙi ne mai tsattsagewa, kuma in aka sare shi sai wani jan ruwa ya tsattsafo ya daskare ya zama ƙaro. A tsakiyar hunturu takan zubar da ganye, sannan ta lulluɓe kanta da fure ruwan ɗorawa. Ɗanta kewayayye ne mai fiffike, da ƙayoyi a tsakiya.

Tun kafin a rubuta komai a kanta, Hausawa da Fulani sun san darajarta. Masassaƙa na son itacenta don yana da nauyi kuma gara ba ta cika cinsa ba, shi ya sa ake yin turmi da ƙotar fartanya da ginshiƙin ɗaki da shi. Masu magani na amfani da ɓawon da ƙaron, marina kuma na samun jan launi. Amma babu wanda ya kai makiyayi sanin amfaninta. Madobiya na fitar da sabon ganye a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma shanu suka rame, sai makiyayi ya hau ya sassaro rassa ya zubo wa garke. Turawa kuwa ta hanyar ƙaron suka fara saninta: a 1757 likita John Fothergill ya gabatar da shi a Ingila a matsayin maganin zawo, daga Gambiya aka kawo shi. Sunanta na Hausa ya shiga littafin sunayen tsirrai da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916.

Ƙasar Bodinga da Shagari, kudu da birnin Sakkwato, tana kusa da iyakar arewa ta inda madobiya ke iya rayuwa. Itaciyar na buƙatar ruwan sama da bai gaza milimita 600 ba a shekara, kuma abin da yankin ke samu bai wuce hakan da yawa ba. Saboda haka duk wata gazawar damina a nan take fara nunawa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a duk faɗin Sahel, gonaki suka ci daji, buƙatar itacen girki ta birni ta yi ta ƙaruwa. Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Shagari a yau zai ga gawo da aduwa da kuka da dogon yaro, wanda baƙo ne daga Indiya, amma sai ya sha nema kafin ya ga madobiya. Abin takaici ne, domin tsare daji ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Bodinga a shekarun da Shehu Usmanu ke Sifawa, ya yi rubutu kan hukuncin raya mataccen fili da keɓe hurumi don amfanin jama'a.

Babbar annobar ta zo daga nesa. A 2000 ƙasar Sin ta fitar da jerin itatuwa 33 da ta amince a kira su "hongmu", wato jan katako da ake yin kujeru da gadaje na alfarma da shi, kuma madobiya na cikinsu. Da irin waɗannan itatuwa suka yi ƙaranci a kudu maso gabashin Asiya, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka wajen 2010. Suka fara da Gambiya da yankin Kasamas na Senegal, suka bi ta Gini Bisau da Gana da Togo da Benin, in daji ya ƙare su ƙara gaba. Wajen 2014 Najeriya ta shiga sahun gaba. A Kogi da Taraba da Adamawa injin zarto ya shiga daji ba dare ba rana, ana yanka gungume ana lodawa a tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. A Taraba har laƙabi aka yi wa katakon, ana ce masa "Madrid", kuma saran ya kai har bakin gandun dajin Gashaka Gumti. A 2017 ƙungiyar binciken muhalli ta EIA ta wallafa rahoton da ya ce gungume fiye da miliyan 1.4, na kimanin dala miliyan 300, sun fita daga Najeriya ba bisa ƙa'ida ba.

Senegal ce ta fara kai kuka ga yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasashe. A taron CITES na Johannesburg a 2016 aka sa madobiya a rukuni na biyu na jerin yarjejeniyar, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, a shekarar ce kuma ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa, mataki ɗaya ya rage ta faɗa rukunin waɗanda ke gab da shafewa. A 2022 takunkumin ya game sauran ƙasashen da take fitowa.

Waɗannan dokoki a bakin teku suke aiki. Ba sa hana akuya cinye tsiro, ba sa hana sassabe da wutar daji, kuma itaciyar da ake wa aski duk shekara kafin ta yi 'ya'ya ba za ta bar iri ba. Irin wannan mutuwa ta sannu a hankali ita ce ta ƙasar Sakkwato, kuma maganinta na nan kusa. Tun 1983 manoman Maradi suka fara barin kututturan gona su toho, suna rage rassa su bar biyu ko uku masu ƙarfi, dabarar da ta mayar da miliyoyin itatuwa gonakin Nijar. Madobiya na cikin masu tohowa daga kututture. Manomin Bodinga ko Shagari da ya sami ɗaya a gonarsa ya kewaye ta da ƙaya, makiyayi ya bar mata rassan sama ta yi fure, hakimai da malaman daji kuma su sa ta cikin irin da ake renowa a gandun shuka na jihar Sakkwato.