Yadda Fitila Ta Rabu da Kyamara

A daren biki a Yelwan Yauri, mai ɗaukar hoto ba shi da dama biyu, domin sau ɗaya amarya take shigowa. Hasken da yake dogaro da shi a wannan lokaci yana da tarihin fiye da ƙarni guda.

A 1887 Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa garin magnesiyam mai walƙiya, mai hayaƙi da haɗarin ƙuna. A 1929 ƙwan filasha ya shiga kasuwa a Jamus, amma hoto ɗaya yake yi ya ƙone. A shekarun 1930 Harold Edgerton na Amurka ya inganta filasha ta lantarki mai maimaita walƙiya.

Matsala ɗaya ta saura. Filashar da ke bisa kyamara tana dukan fuska kai-tsaye, kuma idan nisa ya ninka, haske yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu: na gaba su yi fari fat, na baya su nutse a duhu. Aka kai ta gefe da waya, wayar ta riƙa harɗe ƙafafun jama'a. Aka ƙera mai tashi da ganin walƙiya, sai kyamarar kowane baƙo ta riƙa tayar da ita.

Siginar rediyo ce ta raba gardama, musamman bayan yaɗuwar PocketWizard a shekarun 1990. Yau mai hoto kan kafa filasha a kusurwar rumfa, ya kunna ta daga kyamararsa, fuskar amarya da ta iyayen da ke bayanta su fito tare.