Raunin Fankar Sanyaya a Majigin Sinima: Dalilai, Alamomi da Ƙa'idar Sauyawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda injin fankar da ke sanyaya majigin sinima yake lalacewa, da lokacin da ya dace a sauya shi. Hujjar da ta kafa ita ce, fankar da ta raunana amma take ci gaba da juyawa ta fi wadda ta tsaya cik ɓarna. Idan fanka ta tsaya, majigi yana ganewa ya kashe fitilarsa. Idan kuwa rauni ta yi, zafi yana cin kayan ciki sannu a hankali ba tare da kowa ya farga ba.

Tushen zafin

Bayan da kamfanin Osram na Jamus ya fito da fitilar zenon ta sinima a shekarun 1950, sannu a hankali ita ce ta mamaye ɗakunan majigi har zuwa bayyanar leza. Ƙarfin irin wannan fitila yakan kama daga kusan kilowat 2 zuwa 7, kuma mafi yawan wutar da take ci zafi take komawa, ba haske ba. Iskar gas ɗin da ke cikin ƙwan a matse take ƙwarai, shi ya sa idan bakin ƙwan ya yi zafi fiye da kima yana iya fashewa, ya farfasa madubin da ke tattara haske.

A majigin dijital na kamfanonin Christie, Barco da NEC akwai wani abin da ya fi fitilar tsada, wato ƙwayar DMD ta Texas Instruments, mai ɗauke da ƙananan madubai sama da miliyan 2 a tsarin 2K. Ita ma zafi yana rage mata kwana. Majigin leza bai kuɓuta ba, domin ko da ruwa yake sanyaya shi, fanka ce take fifita ruwan.

Yadda injin yake mutuwa

Yawancin ƙananan fankokin ciki ba su da burushin gawayi, saboda haka abin da ke fara cinyewa a jikinsu boris ne. Girisin da ke cikinsa yana bushewa, kuma zafi yana gaggauta hakan: ƙiyasin da injiniyoyi suka saba aiki da shi shi ne, duk ƙarin digiri 10 zuwa 15 yana rage kwanan girisi da rabi. Daga nan sai ƙara ta canja, ta koma gurnani ko ƙugi, sai jijjiga, sai gudun ya riƙa hawa da sauka. Babbar fankar da ke zuƙe iska ta bututun rufi kuwa, sau da yawa kwandensa ce take raunana, injin ya yi ta gunji bai tashi ba sai an tura shi da hannu.

Akwai wurin da ake yawan ruɗuwa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Majigi yana sanin lafiyar ƙaramar fanka ne ta wayar da ke kai masa adadin juyinta a minti. Juyi take ƙirgawa, ba iskar da ta wuce ba. Idan filta ta toshe, fanka tana iya nuna cikakken gudu a allo alhali iskar da take turawa ta ragu matuƙa. A gidajen sinima na Kano da Abuja, inda ƙurar hunturu take shiga ko'ina, jadawalin wanke filta da aka tsara don ƙasashe masu ƙarancin ƙura ba zai wadatar ba. Marubucin wannan maƙala yana ganin rubuta zafin majigi da gudun fankokinsa kowane mako ya fi jiran gargaɗi amfani, domin sauyin da ke tsakanin mako da mako shi ne yake tona rauni da wuri.

Sauyawa

Ɗiga wa boris mai ba gyara ba ne. Zai yi shiru na ɗan lokaci, man ya jawo ƙura, tururinsa kuma ya hau gilasan haske. Fankar da ta fara kuka sauyawa take buƙata.

Daidaiton girma kaɗai bai isa ba wajen zaɓen sabuwa. Dole bolt ɗinta ya dace, 12 ne ko 24 ko 48, haka ma adadin wayoyinta da irin siginar da take aikawa, in ba haka ba majigi zai ɗauka ta mutu ya ƙi kunna fitila. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarfin tura iska ta cikin matsatsin wuri. Fankar kwamfuta ta kasuwa tana iya shiga gurbin daram, amma ta kasa ratsa filta. A kuma duba kibiyar da ke jikinta, don ɗaura ta a juye yana mayar da iska mai zafi kan abin da ake son sanyayawa.

Kafin a taɓa komai, a bar fankokin su yi juyin kusan minti 10 bayan kashe fitila, sannan a yanke wuta. Duk mai buɗe gidan fitilar zenon ya sa garkuwar fuska da safar hannu. Wannan minti 10 ɗin shi ne ɗaukewar wuta take hanawa: fitila tana kan zafinta, fankoki su tsaya lokaci guda. Inda wuta ba ta da tabbas, ya kamata fankokin ciki da ta bututun rufi su kasance a kan batirin ko-ta-kwana mai iya riƙe su har fitilar ta huce.