Thomas Whittemore: Fasto Kuma Ɗan Jarida

An haifi Thomas Whittemore a birnin Boston na Amurka a ranar 1 ga Janairu, 1800. Bai yi karatu mai zurfi ba. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, aka sa shi koyon ɗinkin takalma. A wannan lokaci ne ya haɗu da Hosea Ballou, babban mai wa'azin ɗarikar Universalist, wanda ya ja shi a jiki, ya koya masa rubutu da tauhidi.

Wannan ɗarika tana koyar da cewa a ƙarshe Allah zai ceci dukan mutane, babu wanda zai dawwama cikin hukunci. Yawancin ikkilisiyoyi sun ƙi wannan koyarwa, domin Littafi Mai Tsarki ya yi maganar hukunci na har abada, kamar yadda muke gani a Matiyu sura 25.

Whittemore ya fara aikin fasto a garin Milford a 1821, shekara guda bayan haka ya koma Cambridgeport. Sai dai alƙalaminsa ya fi muryarsa kaiwa nesa. A 1828 ya karɓi ragamar jaridar ɗarikar, aka sa mata suna Trumpet and Universalist Magazine, ya kuma riƙe ta fiye da shekara 30. Kowane mako tana shiga gidajen da babu fasto kusa, tana mai da martani ga masu sukar ɗarikar da kaifin harshe. A 1830 ya wallafa littafin tarihin wannan koyarwa.

Abin da muka fi tunawa da shi a kai shi ne batun harajin coci. A zamaninsa, dokar jihar Massachusetts tana tilasta wa mutane biyan harajin tallafa wa coci, kuma babbar ɗarikar gari ce ta fi cin moriyarsa. Whittemore ya yaƙi wannan doka a jaridarsa, da aka zaɓe shi ɗan majalisar jiha kuma ya kai maganar zauren majalisa. A 1833 aka gyara tsarin mulkin jihar, harajin ya ƙare. Massachusetts ce jiha ta ƙarshe a Amurka da ta yi haka. 'Yan Baptis da Methodist, waɗanda ba su yarda da tauhidinsa ba, su ma sun sami sauƙi.

Ya rasu a Cambridge a ranar 21 ga Maris, 1861.