Kenana, Saniyar da Muka Tarar a Gaɓar Kogi

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Jazira da Nil Azraƙ ya san ta, ko da bai taɓa ganin sunanta a littafi ba: saniya mai ruwan toka, kai da wuya sun fi jiki duhu, ƙaho gajere, fatar wuya tana reto. Ja-ja ake haihuwar maraƙinta, sai bayan 'yan watanni ya rikiɗe ya ɗauki launin uwa. Ita ce Kenana. Ta ci sunan Larabawan Kenana, waɗanda su da Rufa'a al-Hoi suka daɗe suna kiwonta tsakanin kogunan biyu, daga Sinnar zuwa kudu, har gindin duwatsun Jabal Moya, Dali da Mazmum.

A nan kakanninmu suka same ta. Bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinsa kusa da Sinnar, mutanen da suka saba da Bunaji da Bokoloji a ƙasar Hausa sai suka koyi halin wata saniya daban, domin tafiyar shekaru a hanyar hajji ba ta barin mutum da garke. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe mashru'in Jazira, namu suka shiga cirar auduga. Wanda Allah ya buɗa wa sai ya sayi karsana, ta ci karan dawa da harawar lubiya, yara su sha nono. Ba ta tambayi asalin kowa ba.

Masana ma sun san darajarta. A 1957 aka kafa tashar Um Banein kusa da Sinja domin kiwonta da bincike a kanta, inda saniya guda kan ba da kimanin lita 1,500 na madara daga haihuwa zuwa yaye. Cikin shanu masu tozo na Afirka, ita da 'yar'uwarta Butana suna sahun gaba wajen nono. Ga jure zafi, ga jure zazzaɓin kaska da ke kayar da shanun Turai.

To, me ya ci ta? Da farko makiyaya ce ta ƙuntata. Noman tarakta ya mamaye Dali da Mazmum, ya toshe burtali. Kamfanin sukari da aka kafa a 1975 ya ɗauki sunanta, har yau in ka ce Kenana yaro sukari yake ji. Rabuwar Kudu a 2011 ta sa iyaka a hanyar kiwon rani.

Amma a ganinmu babbar ɓarnar ba ta da ƙara. Ita ce barbara da Firiziyan, baƙi-da-farin nan na ƙasar Holan. 'Yar farko, wadda muke kira hajin, ta fi uwarta nono, kuma ba ma zargin mai sayar da madara a Madani don ya zaɓe ta; iyali yake ciyarwa. Sai dai hajin tana son umbaz, inuwa da allura, kuma in aka yi zuriya uku ko huɗu babu bijimi tsantsa a gari, jinin ya narke ke nan. Babu kuɗin da zai tace shi.

Sannan yaƙin 2023 ya zo. Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja a Yunin 2024, aka kore shanu daga ƙauyuka, aka gauraya garkuna. Asalin saniya kuwa a kan mai ita yake rubuce: shi ya san uwarta da kakarta. In aka raba su, ta zama nama kawai.

Yanzu da mutanenmu ke komawa gida suna sake haɗa garke, karsana ɗaya ko biyu, dillalai za su nuna musu hajin tukuna. Wanda ke da tsohon bijimi mai ruwan toka da ya tsira, ya dakata kafin ya kai shi mahauta, ya sanar da maƙwabta.