Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Tarihin Ginin Harhaɗe a Ƙasar Zuru

1.0 Gabatarwa

A Turai da Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce ƙera ɗaki a masana'anta, bango daban, rufi daban, ƙofa da taga daban, sa'an nan su loda a mota su kai wa mai saye, a harhaɗa masa a bayan gidansa cikin 'yan kwanaki. Da irin wannan dabara kuma ake tayar da azuzuwa da ɗakunan shan magani da zaurukan taro a ƙauyuka. Don sauƙin bayani, a wannan takarda za mu kira shi ginin harhaɗe, watau duk ginin da aka gama sassansa a wani wuri kafin a kawo su inda za su tsaya.

Manufarmu ita ce mu bi sawun wannan gini a ƙasar Zuru, wadda ke kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta kuma ƙunshi ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Za mu nuna cewa dabarar harhaɗe tana nan tun kafin zuwan Turawa, kuma abin da ya raba na gida da na waje shi ne wanda ke iya gyara gini in ya lalace. Wannan magana tana da amfani a yau, domin hare-haren 'yan bindiga na shekarun da suka biyo bayan 2020 sun tashi ƙauyuka da dama a Danko/Wasagu da Sakaba, kuma duk ranar da mutane suka koma, tilas a sake tayar da makarantu da asibitocinsu cikin gaggawa.

2.0 Harhaɗe Kafin Zuwan Turawa

Mazauna ƙasar Zuru sun haɗa da Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Bangawa da Kambari, tare da Hausawa da Fulani. A ƙarni na 19 da yawansu sun zauna a kan duwatsu ko a gindinsu saboda tsoron hari, musamman bayan da Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora. Mai zaune cikin irin wannan hali ba ya son ginin da zai ɗauki shekara ana yi. Abin da ya fi dacewa da shi ƙaramin kago ne na ƙasa mai rufin ciyawa, da rumbu da aka ɗora kan duwatsu don tsare hatsi daga danshi da gara.

In muka dubi yadda ake yin kago za mu ga cewa rabinsa a gefe ake gama shi. Ba a hawa bango a yi rufi. A ƙasa ake ɗaure tsaiko, a yi masa tanka, a yanta shuci, a baibaye, sai in jinka ta kammala a kira maƙwabta su ɗaga ta su ɗora. Daga nan Bahaushe ya sami karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka zana take: da gamba ake saƙa ta a wani wuri, a naɗe a kai kasuwa, mai saye ya kafa dirkoki ya ɗaure, kafin yamma ya sami danga ko rumfa. Asabari ma haka, murfin rumbu ma haka. A birane irin su Kano da Zariya, inda ake ginin soro, tubali ana buga shi ya bushe tun kafin ranar gini, azara kuwa daga nesa ake faso ta daga giginya, da tsawonta da kowane magini ya sani.

Abu uku ne suka riƙe wannan tsari. Na farko, kayan aikin duk na kusa ne, ciyawa da kara da ƙasa da itace. Na biyu, sanin aikin bai taƙaita ga mutum ɗaya ba, kusan kowane magidanci ya iya ɗaurin jinka. Na uku, akwai hannuwa. Aikin gayya sananne ne a ƙasar Hausa duka, Lelna kuma suna da golmo, inda samari ke haɗuwa su yi wa surukai noma na tsawon shekaru kafin aure. Al'ummar da ta saba da tara ƙarfi irin haka ba ta rasa masu ɗaukar jinka. Aibin ginin a fili yake: gobara na cin sa, gara na cin sa, kuma bayan 'yan damuna sai an sake baibaya. Amma ranar da ya lalace ba a jiran kowa daga birni.

3.0 Gidajen da Suka Zo Cikin Jirgi

Ginin harhaɗe na masana'anta ya taso ne tare da mulkin mallaka. A shekarun 1830 wani kafinta na Landan mai suna Manning ya riƙa sayar wa masu ƙaura zuwa Ostareliya ƙananan gidajen katako da ake kwancewa a loda cikin jirgin ruwa. A 1829 ne Henry Palmer ya yi rajistar kwanon rufi mai tudu da kwari, wanda ga shi ba nauyi, ga shi ana jera ɗaruruwansa a ɗan ƙaramin wuri. Ba a daɗe ba abin ya iso gaɓar tekunmu. A 1843 aka ƙera wa Sarki Eyamba na Kalaba gidan ƙarfe a Libaful, a 1884 kuma aka kawo gidan katakon nan da jami'an Ingila suka zauna a Kalaba, wanda daga baya ya zama gidan tarihi.

Da Lugga ya karɓi mulkin Arewa a 1900, irin waɗannan gidaje na katako da kwano aka yi ta kawo wa ma'aikatansa a Lakwaja da Jaba. A 1902 aka mayar da hedkwata Zungeru, kudu maso gabas da Kwantagora, har sai da aka shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo daga Barijuko a bakin kogin Kaduna don ɗaukar kaya. Gidajen sun yi wa Turawa amfanin da suke so, domin gwamnatin da ba ta tabbatar da mazauninta ba tana bukatar gidan da za ta kwance. Haka kuwa aka yi, a 1917 aka bar Zungeru aka koma Kaduna.

Sai dai waɗannan gidaje ba su yi nisa da kogi ko layin dogo ba, saboda tsadar ɗauka. Ƙasar Zuru, wadda aka yi ta sauya mata lardi tsakanin Kwantagora da Sakkwato da Neja, ba ta kan ko ɗaya. A gundumomi irin wannan, barikin da Di'o ke sauka in ya fito rangadi da ɗakin shari'a da rumfunan kasuwa galibi da ƙasa da ciyawa aka yi su, hakimai da dagatai ke tara masu aikin. A nan ne gayya ta fara canza kama, domin aikin da ake yi wa maƙwabci don zumunci ya koma aikin da ake yi wa hukuma bisa umurni. Ko a manyan birane ma Turawa sun koma ga magina na gida: makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920 duk ginin ƙasa ne.

Misalin da ya fi kowane bayyana iyakar gidan da aka ƙera a waje shi ne na Yamai. A 1949 wani Bafaranshe mai suna Jean Prouvé ya ƙera gidan ƙarfe da alminiyam, aka kai sassansa Yamai ta jirgin sama. Ya yi tunanin zafi sosai, ya yi rufi biyu da kafar fitar iska a tsakiyar sama, ya kewaye gidan da baranda mai inuwa. Duk da haka uku kaɗai aka yi, ɗaya a Yamai, biyu a Barazabil a 1951, domin sun fi ginin gida tsada. Bayan kimanin shekara 50 aka kwance su aka mayar Faransa, a 2007 kuma aka yi gwanjon ɗaya a Niyok kan kusan dala miliyan 5. Gidan da aka yi da niyyar ya wadata Afirka ya ƙare a hannun masu tara kayan tarihi.

4.0 Zamanin Kwano da Siminti

Abin da ya shiga karkara da gaske ba gida sukutum ba ne, sassansa ne: kwano da ƙusa da katakon rufi da ƙofar ƙarfe. A ƙasar Zuru hanyoyi uku suka taimaka. Ta farko ita ce saukowar mutane daga duwatsu zuwa fili bayan da hari ya kau, inda wurin gini ya yalwata. Ta biyu ita ce mishan, waɗanda suka kafa tasha a Zuru tun shekarun 1920, suka kawo coci da makaranta masu kusurwa huɗu. Ta uku ita ce soja. Dakarkari sun yi suna wajen shiga aikin soja, kuma wanda ya kwana a bariki, ya dawo da kuɗin sallama, ba abin da ya fi saurin nuna ya dawo da arziki kamar rufin kwano. Kwano kuwa ba ya hawa kan kago, saboda haka shi ya tilasta ɗaki ya koma tafarfara.

Bayan samun 'yanci abin ya ƙaru. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a Kalambaina a 1967. Da kuɗin mai ya yawaita, a 1975 gwamnati ta yi odar siminti har tan miliyan 20, jiragen ruwa suka cunkushe tashar Legas wata da watanni. A watan Satumba na 1976, shekarar da aka kafa Jihar Neja aka bar Zuru cikin Jihar Sakkwato, aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. Don a cim ma wannan adadi aka ba 'yan kwangila zane iri ɗaya: jeren azuzuwa na bulo, rufin kwano, silin in an samu.

Kowa a cikin wannan zaure ya san ƙarshen da yawa daga cikin waɗannan azuzuwa. Iskar farkon damuna ta yaye kwano, a kwashe yara a mayar gindin bishiya, dagaci ya rubuta wa ƙaramar hukuma, a zauna jira. Mutanen da kakanninsu ke sake jinka cikin yini guda sun zama masu kallon rufin makarantarsu a ƙasa shekara da shekaru. Dalili kuwa a sarari yake. Kayan gyaran sai da kuɗi, aikin sai kafinta, ginin kuma na gwamnati ne tun daga tushe, ba wanda ya zuba masa gumi balle ya ji nasa ne. Ga kuma zafi, domin kwano mara sili a watan Afrilu yakan mai da aji tanda, alhali bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana sai dare ya sake shi.

5.0 Abin da Maƙwabta Suka Gwada

Ba sai mun je nesa neman wata hanya ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962 da aikin gayya na mutanen gari, aka yi ta ƙara masa, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar Tawa ɗin dai, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018 da hannun magina na yankin. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa tsakani, mutanen gari suka yi aikin. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami lambar Pritzker, wadda ita ce babba a fannin zanen gini.

Abin lura a Gando shi ne ba a yi watsi da kwano ko rodi ba. An ɗauki dabarar rufi biyu irin ta gidan Yamai, amma aka yi ta da abin da mai walda na kusa zai iya lanƙwasawa ya haɗa. Bambancin gidan Yamai da makarantar Gando ke nan: ɗaya sai jirgin sama ya kawo, ɗaya kuwa an koya wa masu shi yadda ake yin sa.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, tarihin ginin harhaɗe a ƙasar Zuru ya bi matakai uku: na jinka da zana, wanda kaya da sani da hannu duk na gida ne, na gidajen Turawa, wanda bai wuce bakin kogi da layin dogo ba, da na kwano da bulo, wanda ya shiga ko'ina amma ya bar gyara a hannun hukuma. Ba muna kira a koma rufin ciyawa ba ne, domin shuci ya yi wuya, gobara kuma ba ta daina ci ba.

Shawararmu ita ce, in an tashi sake gina makarantu da ɗakunan shan magani na ƙauyukan da aka tasa, kada a wadatu da sayo kwantena a girke. A tsayar da awo ɗaya na ƙarafan rufi da tagogi da ƙofofi, a ba masu walda da kafintocin Zuru da Ribah da Mahuta da Dirin Daji su ƙera, a buga bulon ƙasa a wurin, a bar ɗorawa da yaɓe ga mutanen gari. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana da gurbi a nan, wajen gwada ƙasar da ta dace da bulo da kuma rubuta sunayen sassan gini da dabarunsa daga bakin dattawan Lelna da sauran ƙabilu tun suna raye. Kafin a amince da kowane zane, a fara tambayar mai shi wa zai mayar da rufin in iska ta yaye shi.